Yaran da ke kwana a tashoshin Gombe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi kira ga gwamnatin Gombe kan yaran da ke kwana a Tashar Dukku da rumfunan kasuwa. Ba duka ne almajirai ba. Wasu bugu ko yunwa ta koro su daga gida. Sadakar abinci ba ta isa. Kowane yaro na buƙatar jami'in jin daɗin jama'a guda da zai riƙe lamarinsa: ya saurare shi, ya kai shi asibiti, ya nemo danginsa ta hannun mai unguwa, ya binciki gidan kafin a mayar da shi, sannan ya riƙa leƙawa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi kulawa ga irinsu. Wallahi in muka ƙyale su, 'yan daban Kalare na jiran su.

Wassalam,
Wata uwa, Jekadafari, Gombe