A Buɗe Wa Editoci Ƙofar Koyar Da Aikin Jarida A Jami'o'inmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi magana kan malaman da ke zuwa bizitin, wato koyarwa ta ɗan lokaci daga wani wurin, a sassan koyar da aikin jarida na jami'o'inmu, musamman a ajin masu babbar difloma da digiri na biyu. Ni editan labarai ne a wani gidan rediyo mai zaman kansa, kuma ɗaliban nan idan sun gama hannuna suke faɗowa, shi ya sa abin ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Yadda aka saba a nan, kujerar bizitin ta malamin jami'a ce shi kaɗai. Farfesa ko dakta zai taso daga wata jami'ar, ya dunƙule karatun zango guda cikin 'yan kwanaki, ya bar wa ɗalibai takardu, ya hau mota. Ban ga laifinsa ba. Albashin malaman jami'a kowa ya san halin da yake ciki, kuma sababbin jami'o'i ba su da manyan malamai isassu. Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sanar a 2020 cewa ta raba kwas ɗin sadarwa gida bakwai, aikin jarida daban, watsa labarai daban, talla daban, fim daban, buƙatar malamai sai ƙaruwa take. Amma waɗanda suka ƙare rayuwarsu a ɗakin labarai an bar su a bakin ƙofa, saboda ba su da digirin digirgir.

Kwanakin baya aka turo mini wata yarinya mai digiri na biyu, haziƙa ƙwarai. Ƙa'idojin sadarwa da sunayen Turawan da suka shimfiɗa su duk a kanta suke. Na miƙa mata jawabin kasafin kuɗi na gwamna, na ce ta fitar mini da labari na layi biyar kafin labaran yamma. Ta kawo shafi biyu. Ta fara da jerin manyan baƙin da suka halarta, adadin kuɗin kuwa yana can ƙarshe, abin da aka ware wa lafiya da ilimi babu shi sam. Da na tambaye ta, sai ta ce tun da take karatu ba a taɓa ja mata jan biro a kan labari ba, sai dai a kan amsar jarrabawa.

A Amurka, makarantar aikin jarida ta Jami'ar Mizuri da aka kafa a 1908, wanda ya kafa ta, Walter Williams, editan jarida ne da bai taɓa yin digiri ba, kuma daga baya shi ya zama shugaban jami'ar baki ɗaya. Har yau ɗalibanta ne ke haɗa jaridar garin mai suna Columbia Missourian, suna kuma aiki a tashar talabijin ta KOMU, ƙarƙashin ƙwararrun editoci waɗanda su ne malamansu. Ita ma ta Jami'ar Kolombiya da ke Niyok, wadda aka buɗe a 1912 da kuɗin da Joseph Pulitzer ya bari, malamanta da yawa 'yan jarida ne da ke bakin aiki, su zo su koyar su koma ofis. Mu kuwa, da a ce marigayi Abubakar Imam, wanda ya kama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da takardar Kwalejin Katsina, zai dawo ya nemi koyar da rubutun labari a yau, da sai a ce masa takardunsa ba su cika ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Hausa. Ɗalibin da ya karanta aikin jarida a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, mafi yawan guraben da ke jiransa na Hausa ne: gidajen rediyon da suka cika Kano tun bayan buɗe Freedom a 2003, jaridu irin wannan, da sassan Hausa na kafafen waje. BBC Hausa tana nan tun 1957, Muryar Amurka ta buɗe nata sashen a 1979. Amma karatun duk da Turanci ake yi. Wa zai koya wa yaro yadda zai faɗi hauhawar farashi ko giɓin kasafi ta yadda mai sayar da kayan miya a Kasuwar Rimi za ta gane? Wa zai nuna masa yadda ake kawo rahoton kotu ba tare da an yanke wa wanda ake zargi hukunci a kanun labari ba? Akwai dattawan da suka yi shekaru talatin suna wannan aikin, sun yi ritaya, suna zaune a gida ba mai neman su.

Hanyar tana nan. Sabon tsarin manhaja da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, kuma a Disambar 2023 gwamnati ta amince a fitar da jami'o'i daga IPPIS, tsarin biyan albashin da ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta daɗe tana kukan ya hana ɗaukar malaman bizitin. To me ya rage?

Sai dai fa ba ina nufin a gayyato wani babba ya yi lacca ta awa guda, a ba shi allon karramawa, a ɗauki hoto a watse ba. Wannan biki ne. A ba edita zango cikakke, aji ƙarami, ya tura ɗalibai kotu da majalisar dokoki da asibiti, kowa ya rubuta takardar neman bayani ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ya bi sawunta har a amsa ko a ƙi. A haɗa editan da malamin sashen, domin iya aiki daban, iya koyarwa daban. Na san abokan aikina da idan aka ba su aji, labarin zamanin soja za su yi ta bayarwa har a tashi. Kuma a tace sosai. Mai karɓar ambulan ɗin na goro a wurin taro bai kamata ya tsaya gaban ɗalibai ba, komai girman sunansa.

Batun kuɗi kuma a yi shi a fili tun farko. Wani abokina ya koyar zango guda a wata jami'a, alawus ɗin bai fito ba sai bayan ɗalibansa sun tafi bautar ƙasa, bai sake komawa ba. Ina kira ga ƙungiyarmu ta 'yan jarida, NUJ, da Ƙungiyar Editoci ta Najeriya su zauna da shugabannin sassan nan su tsayar da sharuɗɗa a rubuce: shekarun aikin da za su tsaya a madadin digiri, awannin koyarwa, da ranar biya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani editan labarai, daga Kano