Kar Ka Cire Fikof Ɗin Tukuna

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyi, ya ƙurar hunturu? Saƙonka ya iso tare da hotunan jitar bes ɗin, wato jita mai kaurin murya, da aka ƙera maka. Allah ya sa alheri, ya sa a ci moriyarta. Tsirkiya biyar, tsawon inci 35, wuyan katakon mafal da fuskar katakon wenge, fikof biyu, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, irin na jitar Jazz Bass, ga batir a ciki. Ka iya zaɓe, mutumina.

Ka ce tsirkiyoyin suna dukan firet, wato ƙarafan da ke gicciye a wuya, a wajen kai, tsirkiyar B, wadda ta fi kauri, ba ta fita tsaf, har kana shirin sayo wasu fikof. Ajiye kuɗinka. Abin da ka lissafa duk aikin saiti ne, kuma ko fikof na zinariya ka sa, tsirkiyar da ke dukan ƙarfe ba za ta daina ba.

Fara da yanayi, domin shi ne ya taɓa ta. Masu ƙera jita suna riƙe danshin ɗakin aikinsu wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A garinku kuwa, da hunturu danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako ya bushe, ya tsuke, ga tsirkiya biyar suna jan wuyan da ƙarfin da ya haura kilo 80. Wani wuyan ya rusuna gaba, wani ya bankare baya, ya danganta da katakon da yadda aka yanke shi. Don haka ba a yin hasashe, awo ake yi. Ka bar ta ta yi mako ɗaya ko biyu a ɗakin da za ta zauna kafin ka taɓa komai, in ba haka ba ka saita yau, jibi ta sake motsawa.

Kayan da kake bukata ba su da yawa: na'urar saita murya, kafo mai matse tsirkiyoyi a kan firet, rula ta ƙarfe mai milimita, filageji na auna tsaga irin na makanikai, ƙaramin sukudireba, da alanki wanda ya dace daidai. Wannan na ƙarshen kar ka yi masa sakaci. Da shi ake juya notin ƙarfen da ke cikin wuya mai daidaita lanƙwasarsa, kuma wasu notunan ma'aunin inci ne, wasu na milimita, kuma alanki mai ɗan sako-sako yana cinye bakin notin. In bakin ya lalace, aikin zai iya tashi daga na minti goma ya koma na cire fuskar wuya.

Lanƙwasar wuya ita ce farko, kullum. Saita muryar kowace tsirkiya, ka riƙe jitar yadda kake riƙe ta in kana kiɗa, ba a kwance kan tebur ba, don nauyin kai yana canza awon. Sa kafo a firet na 1, danna tsirkiyar E a firet ɗin da wuya ya haɗu da jiki, sannan ka zura filageji tsakanin tsirkiya da saman firet na 8. Abin da ake nema shi ne milimita 0.3, ko sama kaɗan zuwa 0.35. In tsirkiyar ta kwanta kan firet ɗin babu ko tsaga, wuyan ya miƙe fiye da kima, kuma daga bayaninka nan nake zargi. Sai ka sassauta ƙarfen cikin wuya, wato ka juya notin saɓanin hannun agogo in kana fuskantarsa. In kuwa tazarar ta yi yawa, ka ɗan sassauta tsirkiyoyin, ka ɗaure bi da hannun agogo. Kar ka wuce kwata na zagaye a lokaci guda, rabin kwata ma ya fi. Sake saita murya, jira 'yan awoyi, sake awo. Yawancin jitocin da ake ƙerawa na musamman ƙarfensu mai aiki ta ɓangare biyu ne, akwai wani wuri a tsakiya da za ka ji notin ya saki kamar ba ya riƙe da komai. Ba lalacewa ba ce, ci gaba kaɗan zai sake kamawa. Amma in ya cije, tsaya. Ba a yi masa ƙarfi.

Wurin da ƙarar take fitowa shi ke gaya maka ciwon. Daga firet na 1 zuwa na 5, wuya ya miƙe da yawa. Daga na 12 zuwa sama, sirdi, wato ɗan ƙarfen da tsirkiya ke hawa a jikin jitar, ya yi ƙasa. In a firet ɗaya tak ne, na gabansa ya ɗago, sai a buga shi ya zauna ko a goge shi. In sai ka kaɗa tsirkiya a sake ba tare da danna komai ba, ramin ƙashin da ke bakin wuya ta wajen kai ya yi zurfi. Gwajinsa: danna tsirkiya a firet na 3, ka leƙa saman firet na 1, ya kamata ka ga 'yar tsaga kamar kaurin takarda.

Bayan wuya sai tsayin tsirkiya a kan jaki, wato ƙarfen da ke ɗauke da sirdunan. Kamfanin jita na Fender suna ba da milimita 2.4 a ɓangaren masu kauri da milimita 2 a ɓangaren G, wato mafi siranta, in an auna a firet na 17. Mafari ne kawai. Mai hannu mai nauyi ya ɗaga, mai taɓawa a hankali ya sauke. Tsirkiyar B ka ba ta ƙarin kamar rabin milimita, domin ta fi kowace faɗin lilo. Kowane sirdi ƙafafunsa biyu su zauna daidai, kar ɗaya ta rataye, ita ma tana yin zirr a ɗauka firet ne.

Tunda an zo kan B, bari in daɗe a nan. Muryarta wajen hez 31 ce, wato kaɗawa 31 a daƙiƙa, ta E kuwa 41, kuma ƙananan lasifika da yawa ba sa iya fitar da ita, sai a ɗora wa jita laifi. Gwada ta da abin sauraro na kunne mai kyau kafin ka yanke hukunci. Sannan duba tsirkiyar kanta. Tsawon inci 35 yana son tsirkiya mai ƙarin tsawo, ta inci 34 takan gaza, siririn ƙarshenta ya faɗo cikin ramin ƙashi, sautin ya mutu. Kaurinta inci .125 zuwa .135 ne, sauran kuma .045, .065, .085, .105 in kana son matsakaici. Da yake tana da kauri, ba ta lanƙwasa da kanta a kan sirdi, tana yin baka ne. Sa babban yatsa ka danna ta da ƙarfi daidai gaban sirdin, haka ma a bakin ƙashi, don ta karye kwana sosai. Wannan kaɗai yakan gyara rabin matsalar. Wajen ɗaurawa, ka lanƙwasa ƙarshen kafin ka yanke, ka bar abin da zai yi zagaye biyu zuwa uku, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya, kuma kar ka bari ta murɗe a jikinta. Tsirkiyar da ta murɗe tana fitar da murya biyu masu faɗa da juna.

Daidaiton murya a tsawon wuya ba wuya. Saita tsirkiya a sake, danna firet na 12. In muryar ta haura, ja sirdi baya. In ta gaza, tura shi gaba. A yi shi da sababbin tsirkiyoyi, kuma a ƙarshe, don duk abin da ka taɓa a wuya ko jaki yana rusa shi.

Yanzu fikof ɗin da kake son cirewa. Danna firet na ƙarshe, auna daga ƙasan tsirkiya zuwa kan maganaɗisu: kamar milimita 2.8 a ɓangaren masu kauri, 2 a ɓangaren G. In ya matso sosai, maganaɗisun yana jan tsirkiya, sautin ya yi rawa, ya mutu da wuri, B ce kuma ta fi shan wahala. In ya yi nisa, sautin ya rame. Juya sukuru rabi-rabi kana saurare har ƙarfin tsirkiyoyin biyar ya zo ɗaya. Fikof irin na Jazz Bass, wanda Fender suka fitar a 1960, in ka buɗe biyun gaba ɗaya gurnanin wuta yana ɓacewa, tsakiyar sautin kuma ya ɗan lotsa. Rage na wajen wuya kaɗan, ka kaɗa kusa da jaki, za ka samu sautin nan mai cizo da aka san makaɗin bes Jaco Pastorius da shi. Koma wajen wuya da yatsunka, sautin ya yi kauri da taushi. Tafiyar santimita biyar ta hannun dama ta fi canjin da sabon fikof zai ba ka.

Tsirkiya ita ce ta biyu wajen sauya sauti. Mai naɗi zagayayye ta ƙarfe mara tsatsa tana da haske da kaifi, tana kuma cin firet. Ta nikel ta fi laushi. Mai naɗi shimfiɗaɗɗe, irin wadda makaɗin bes James Jamerson ya yi aikin kamfanin waƙoƙi na Motown da ita a kan jitar Precision Bass, ba ta da ƙarar yatsa, tana shekaru ba a canza ba, amma ta fi jan wuya, sai an sake saiti. Maganar katako kuwa, a ganina an cika zuzuta ta. Katako yana da tasiri a nauyi da taurin wuya, da kuma wurin da murya ke mutuwa da wuri, wanda a jitoci masu inci 34 yakan faɗo a tsirkiyar G tsakanin firet na 5 da na 7. Amma a cikin taro, ga ganga ga fiyano, ba wanda zai ce maka wannan jikin katakon alda ne ko na ash.

Maɓallan gyaran sauti masu aiki da batir ka fara da su a tsakiya, inda suke ɗan cijewa. Ragewa ta fi ƙarawa amfani. In sautin ya yi dumu-dumu, rage wajen hez 200 zuwa 300 a amfilifaya. In ba a jin ka cikin kiɗa, ƙara kaɗan wajen hez 700 zuwa 1000, ba ƙasan sauti ba. Ƙara ƙasa cika ɗaki kawai yake yi, ya wahalar da lasifika. Batirin bolt 9 ne, kuma soka waya a jak, wato ramin wayar jitar, shi ke kunna shi, don haka zare ta in ka gama. In sauti ya fara yagewa ba dalili, batir za ka fara zargi. In tana da makunnin aiki ba batir, kafasita mai rage kaifin sauti ta 0.047 da fot, wato maɓallin juyawa, na 250k su ne na al'ada. Ta 0.1 ta fi duhu, ta 0.022 tana barin tsakiya. Lambar ce ke aiki, ba tsadar kafasitar ba.

Gurnanin da ke raguwa in ka taɓa tsirkiya yana nufin ramin wayoyi na bukatar shimfiɗar tef na tagulla, a haɗa shi da wayar ƙasa. Wanda ba ya canzawa ko ka taɓa, duba wayar da ke ƙarƙashin jaki, ta yiwu ta saki. In kuna aiki da janareta ka ji makirufo ya ɗan tsikari leɓenka alhali hannunka na kan tsirkiya, ajiye jitar nan take a kira mai gyaran wuta. Wannan ya wuce maganar sauti.

Bakin firet da ka ce yana kartar hannu, fuskar wuya ce ta tsuke ta bar ƙarfe a waje. Kar a goge yanzu. Jira ƙarshen hunturu, lokacin da katakon ya gama tsukewa, a goge sau ɗaya a huta. Kafin nan, sa jiƙaƙƙen soso da aka matse cikin robar sabulu mai huji, ka ajiye a akwatin jitar inda ba zai taɓa katako ba. Fuskar wenge ka shafa mata ɗigon man fuskar jita sau ɗaya ko biyu a shekara, ka goge tas. Kar ka bar ta a but ɗin mota da rana, zafi yana sassauta gam. Da damina ta sauka kuma ka sake auna wuyan, zai motsa.

Aiko mini da awo uku: tazarar firet na 8, tsayin B da G a firet na 17, da lambobin firet ɗin da ke ƙara. Ka haɗa da hoton kan jitar ta gefe in ga yadda aka naɗa tsirkiyoyin.

Ka gaida mutanen gida da abokan kiɗa baki ɗaya.

Wassalam,
Amininka