Rahoton Ayyukan Shekara: Ajin Matsakaitan Mahaya da Aikin Barga

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Zuwa ga iyayen ƙungiya, da masu dawakin da suka ba mu aron dabbobinsu, da malaman horo, da sauran mambobi baki ɗaya.

Kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin ayyukan shekarar da ta ƙare. Ajin ƴan koyo ya gudana kamar yadda aka saba, ba tare da wani abin da ya cancanci dogon bayani ba, saboda haka mafi yawan wannan rahoto zai tsaya ne kan ajin matsakaita, domin a nan aka fi kashe kuɗi da lokaci, a nan kuma aka fi samun saɓanin ra'ayi tsakaninmu.

Matsakaicin ɗalibi a wurinmu shi ne wanda zai hau ba tare da an riƙe masa doki ba, ya zauna daram a taƙama da sassarfa, ya yi sukuwa kuma ya iya tsayawa. Irin waɗannan samari ba su da wuyar samu a Damagaram, inda yaro ke tasowa yana kallon hawan Sallah a ƙofar fada cikin Birni. Sai dai gwajin da muka yi musu a watan Oktoba, lokacin da aka koma makaranta, ya nuna mana abin da ba mu ji daɗinsa ba. Da yawa daga cikin masu gwanintar zamiya, wato tsayar da doki kwatsam yana cikin sukuwa, ba su iya ɗaura sirdi daidai ba, wasu kuma ba su taɓa ɗaga ƙafar doki sun duba cikin kofato ba. A da hakan ba aibi ba ne, tun da a gidajen sarauta akwai shamaki da ƴan barga masu ɗaukar wannan nauyi, mahayi kuwa nasa hawa ne kawai. Amma saurayin yau, in Allah ya hore masa doki, mai yiwuwa shi ne zai zama ɗan bargan kansa.

Wannan ne ya sa kwamiti ya kafa doka cewa babu ɗalibin da zai sa ƙafa a likkafa ranar Asabar ko Lahadi sai ya fara share turke, ya goge dokin, ya duba kofatai huɗu, ya shayar da shi, sannan ya ɗaura sirdi da hannunsa a gaban malami. Wasu iyaye sun nuna rashin jin daɗi, suna cewa hawa suka kawo ƴaƴansu su koya, ba kwasar kashin doki ba. Mun saurare su cikin girmamawa, amma ba mu janye dokar ba. Ɗalibai kaɗan sun daina zuwa, kuma yawancinsu sun dawo kafin sanyi ya ƙare.

A fannin hawa, aikin da ya fi cin lokaci shi ne gyaran hannu. Linzamin gargajiya yana da ƙarfen da ke tokarar ganɗar doki da zoben da ke kewaye haɓarsa, don haka ɗan ja kaɗan ya isa, wanda kuwa ya mai da shi abin riƙo idan ya ji zai faɗi, to zai fasa bakin dabba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke ba da damar dogon horo, malamai sun cire linzami da ƙaimi gaba ɗaya, suka bar ɗalibai da ragama kawai a cikin fili mai yashi, domin su koyi juya doki da tsayar da shi da cinya da nauyin jiki. Makonnin farko sun zo da faɗuwa da dariya, amma alhamdu lillahi babu wanda ya karye. An kuma wajabta kilisa a hankali kafin kowace sukuwa, da tafiya da doki har guminsa ya bushe bayanta. Zamiya kuwa, duk da ita ce abin da samarin suka fi so, an taƙaita ta, kuma an hana yin ta a ƙasa mai tauri, saboda nauyin da take ɗora wa jijiyoyin ƙafafun baya. Garinmu gari ne na duwatsu, dawakinmu kuma ba a sa musu takalmin ƙarfe, shi ya sa tsakuwa ɗaya da ta maƙale a kofato kan iya jawo ɗingishi na kwanaki.

Darasin ciyarwa da shayarwa ya fi amfani da bazara ta shigo. Doki kan sha lita 25 zuwa 40 a rana, ya kuma zarce haka idan ana zafi ko ya yi aiki, alhali kowa ya san halin ruwa a wannan gari daga Maris zuwa Mayu, lokacin da muka koma saye a hannun ƴan garuwa. An koya wa ɗalibai cewa cikin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girmansa, kuma ba ya iya amai, saboda haka gero ko dusa mai yawa a zama ɗaya hanya ce ta ciwon ciki mai kisa. Dokin da ya kai kilo 350 yana buƙatar busasshen abinci kimanin kilo 7 a yini, mafi yawansa harawa da ciyawa, a rarraba shi kaɗan kaɗan. An hana zuba abinci a ƙasa, domin yashin da dabba ke haɗiya tare da shi yana taruwa a hanji. Wani likitan dabbobi ya zo ya nuna musu yadda ake auna lafiya: zafin jiki tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti ɗaya, numfashi 8 zuwa 16, duk idan doki yana hutawa. Yanzu kowane ɗalibi ya san alƙaluman dokin da aka danƙa masa, kuma yana rubuta su a littafin barga. Haka nan, tun bayan annobar murar da ta kashe jakuna da dawaki masu yawa a ƙasarmu a 2019, duk baƙon doki muna ware shi mako biyu kafin ya shiga cikin sauran, kuma bana ɗalibai ne suka kula da wannan.

Wajibi ne mu faɗi inda muka gaza. Bayan hawan ƙaramar Sallah, wanda wasu ɗalibanmu suka yi cikin ayarin iyayen gidansu, an gano miki a bayan wani ingarma na aro, saboda an mayar masa da shimfiɗar sirdi jiƙe da gumi da ƙura a rana ta biyu. Dokin ya yi makonni ba a hau shi ba. Laifin ba na yaron kaɗai ba ne, domin hidimar Sallah ta ɗauke hankalin malamai, babu wanda ya duba aikinsa. Ƙungiya ta biya kuɗin magani, kuma muna sake ba mai dokin haƙuri a gaban taro. Kuskure na biyu na kwamiti ne shi kaɗai: ba mu sayi harawa da kaka ba, lokacin da take arha a ƙauyukan wajen Mirriya, sai muka ƙare da sayenta a kasuwa da tsadar bazara. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita dalla-dalla, za ku ga yadda wannan ya cinye abin da aka ware don gyaran sirada.

Da damina an rage hawa sosai, saboda jarabawar ƙarshen shekara da aikin gona, sai aka mai da hankali kan cire kaska, da ba da maganin tsutsar ciki, da gyaran kofato, wanda ake yi duk mako 6 zuwa 8.

Akwai batutuwa biyu da kwamiti ya kasa yankewa, yana kawo su gabanku. Na farko shi ne hular kwano: malamai suna so a wajabta ta a lokacin horo, wasu dattawa kuma suna ganin ba ta dace da shigar mahayi ba, ko da yake babu wanda ya ce a sa ta ranar hawa a maimakon rawani. Na biyu shi ne gina rumfar ajiyar harawa kafin a fara roron wake, wanda zai buƙaci ƙarin kuɗin wata ko gudummawa ta musamman. Muna roƙon kowane mamba ya zo taro da shawararsa a kan waɗannan, masu dawakin aro kuma su sanar da mu tun yanzu ko za su ci gaba da ba mu dabbobinsu a shekara mai zuwa.

Wassalam.

Magatakarda, a madadin kwamitin gudanarwa