Yaro na shan maganin tsinka jini, ranar awon jini da saura: me iyaye za su yi?

Assalamu alaikum Likita. Ina yi maka fatan alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, ina neman shawararka kan yaran da ake sallama gida da maganin hana daskarewar jini.

Yara ba su cika samun gudan jini haka kawai ba. Galibi akwai sanadi: robar da aka zura a babbar jijiya, tiyatar zuciya, bawul na ƙarfe da aka sa a zuciya, ko ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari. A asibiti abin da sauƙi, sai an koma gida yake rikicewa.

Ɗauki misalin warfarin, maganin tsinka jini da ake sha. Ana so awon INR, wanda ke nuna yadda jini ya tsinke, ya tsaya tsakanin 2 da 3, masu bawul na ƙarfe kuma wani lokaci 2.5 zuwa 3.5. To amma na yaro ba ya zama wuri ɗaya. Yau zazzaɓi, gobe gudawa, ya ƙi cin abinci, bitamin K mai taimaka wa jini daskarewa ya ragu a jikinsa, jini ya tsinke fiye da kima. In aka haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su metronidazole ko co-trimoxazole, awon ya ƙara hawa. Sai uwa ta ga haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi, ko baƙin kashi. Waɗannan mun gaya musu asibiti ne kai tsaye, haka ma in ya buge kai. Ibuprofen kuwa mun hana. Tambayata ita ce ranar da yaron ke gudawa, babu alamar zubar jini, awo kuma sai bayan kwana biyu. A ba shi maganin yadda aka saba, a rage, ko a tsallake? Ina tsoron tsallakewa ga mai bawul, domin gudan jini a bawul na iya kisa.

Sai allurar enoxaparin, ita ma ta tsinka jini ce. Ta rigakafi ga wanda ya wuce wata 2 ita ce miligiram 0.5 kan kowane kilo, duk awa 12. Jariri mai kilo 4 miligiram 2 ke nan, wato mililita 0.02. Da sirinjin insulin ake auna shi, layi biyu kacal. Layi ɗaya ya ƙaru, an ƙara masa rabin maganinsa. Jaririn kuma kullum girma yake, abin da ya ishe shi watan jiya ba zai ishe shi yau ba. Duk kwana nawa ya kamata a ɗora shi a sikeli a gyara adadin? Inda babu awon anti-Xa, gwajin jini mai nuna ƙarfin aikin allurar, wanda ake ɗauka awa 4 zuwa 6 bayan allura, nauyi da aikin ƙoda sun isa a dogara da su?

Na san an amince da rivaroxaban, wani maganin tsinka jini na sha, ga yara a Amurka a 2021, ba ya kuma buƙatar awo a kai a kai, sai dai ba a ba masu bawul na ƙarfe. Waɗanne yara ne za a iya mayarwa kansa?

Don Allah ka amsa yadda iyaye ma za su gane. Allah ya saka da alheri.

Ma'aikaciyar jinya, sashen yara