Binciken magana a aji: takardar tambayoyi ba ta isa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin ɗaliban fannin ilimi da malaman da ke duba kundayensu, a Jami'ar Jos da Kwalejin Ilimi ta Gindiri da sauran makarantun horar da malamai. Da yawa daga cikin masu binciken yadda yara ke tofa albarkacin bakinsu a aji, takardar tambayoyi kawai suke raba wa malamai. To, wane malami ne za a tambaya ko yana ba yara damar magana ya ce a'a?

Akwai hanyar da ta fi wannan. A intanet akwai rumbunan bidiyon darussa, kowane bidiyo haɗe da rubutun duk abin da aka faɗa. Shafin binciken bidiyo na 1999 na TIMSS, wato nazarin ƙasa da ƙasa kan koyar da lissafi da kimiyya, yana da darussa 53 na lissafi da kimiyya daga ƙasashe bakwai, ciki har da Japan da Amurka da Ostareliya, na yara masu shekarun 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Akwai kuma ClassBank, wani ɓangare na TalkBank, rumbun maganganun da aka naɗa da ke Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, inda aka ɗaure layukan rubutun da daidai wurinsu a bidiyon.

Mai farawa ya ɗauki darasi ɗaya, ya kalle shi daga farko zuwa ƙarshe kafin ya taɓa rubutun. Sannan ya yanki minti goma da ake musayar magana, ya zuba su a jadawali: lokaci, wanda ya yi magana, abin da ya ce, da aikin da maganar ta yi. Tun 1975 Sinclair da Coulthard, masana harshe a Ingila, suka nuna cewa hirar aji takan tafi hawa uku: malami ya yi tambaya, yaro ya amsa, malami ya yanke hukunci a kan amsar. Hawa na ukun nan shi ne wurin zura ido. Malamin da ya ce "daidai, zauna" ya rufe magana. Wanda ya ce "ta yaya ka samu haka?" ko "wa ke da wata hanyar?" ya buɗe ta. Ƙirga waɗannan biyun kaɗai ya fi shafi ashirin na ra'ayoyin malamai amfani.

A auna shiru ma. Mary Budd Rowe, mai binciken ilimi a Amurka, ta gano cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan tambaya, kuma in aka kai daƙiƙa uku amsoshi sukan ƙara tsawo. Wannan sai da agogo da bidiyon kansa, domin ba kowane rubutu ne ke nuna tsawon shiru ba. Haka kuma rubutu ba ya nuna yaron da ya ɗaga hannu malami ya tsallake shi.

Kada mutum ɗaya ya rarraba maganganun rukuni-rukuni bisa aikinsu shi kaɗai. A ba wani kashi ɗaya cikin biyar ya yi nasa ba tare da ya ga na farko ba, a kwatanta biyun. In sun saɓa da yawa, yawanci ma'anar rukunan ce ba ta fito fili ba, sai a gyara ta a sake.

A yi hattara da abu biyu. Darussan da ba da Turanci aka yi su ba, fassararsu ake karantawa, saboda haka ƙirga kalmomin yaron Japan ƙirga kalmomin mai fassara ne. Sannan 'yan darussan da aka saka ba sa wakiltar ƙasa gaba ɗaya.

Babbar matsalar dai ita ce waɗannan azuzuwan ba irin namu ba ne. A ajin gwamnati a nan Jos, malama takan karanta tambaya da Turanci, ta ga an yi tsit, ta juye zuwa Hausa, harshen da ya haɗa yaron Berom da Afizere da Bahaushe. Ta ce "kun gane?", aji ya ɗauka baki ɗaya "e!" Wannan amsar ta yaro ɗaya ce ko ta aji? Shaidar fahimta ce ko ladabi? Rukunan da aka gina a kan ajin Ingila ba su tanadi wannan ba, dole mai bincike ya ƙara nasa.

Don haka muna kira ga Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da ke Abuja su tallafa a kafa namu rumbun. Kayan aikin ba su da yawa: waya a kan sanda mai ƙafa uku a bayan aji, ƙaramar makirfo a wuyan rigar malami, da wata na'urar ɗaukar murya a tsakiyar yara, domin in babu ita muryoyin 'yan baya sukan ɓace. Rubutawar ce ke cin lokaci, darasin minti arba'in yakan cinye wuni guda ko fiye. A rubuta Hausar yadda aka faɗe ta, fassara ta zo a layi na dabam. Kuma kafin a kunna kyamara a samu izinin makaranta da na iyaye a rubuce, a sauya sunayen yara, bisa tanadin dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Naka,
Wasu malaman horar da malamai,
Jos, Jihar Filato.