A riƙa tattauna buɗaɗɗun manhajoji da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi kira ga matasan Katsina masu rubuta manhaja, musamman ɗaliban Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, su fara shirin fodkas da Hausa, wato shirin murya da ake saurara ta intanet, kan buɗaɗɗun manhajoji irin su Linux da WordPress, waɗanda lasisin GPL ya bai wa kowa damar gyara su ya kuma raba. Hirarrakin da ake yi a kansu kusan duk da Turanci ne.

Kayan aikin ba tsada. Audacity, manhajar naɗar murya da gyara ta, kyauta ce, ita ma buɗaɗɗiya. A ajiye makirufo tazarar taki ɗaya daga baki; in ya matso, harafin "b" da "f" su riƙa bugun kunne. Kafin a fara magana a naɗi daƙiƙa 10 na shiru, don da shi manhajar ke gane ƙarar fanka ko janareto ta rage ta. Amma kada a cika ragewa, murya kan koma kamar daga cikin randa take fitowa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne nauyin fayil. Hirar minti 30 a MP3 mai 128 kbps (ma'aunin ingancin sauti) takan kai megabait 29, mai 64 kbps kuwa 14 da ɗoriya, kuma ya wadatar ga magana. Mai sauraro a Daura da kuɗinsa yake sayen data.

Batun farko, a ganina, ya zama fassara manhajoji zuwa Hausa: yadda ake tura gyara ta GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare, da dalilin da ƙ, ɗ, ɓ ke rikiɗewa alamar tambaya idan ba a adana rubutu da tsarin adana haruffa na UTF-8 ba.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.