Godiya ga Ma'aikatan Ɗakin Karatu na Jami'ar Jos

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Karatu na Jami'ar Jos da dukkan ma'aikatansa, manya da ƙanana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a maimakon in sa ta a ambulan in kai ofis, domin alherin da kuka yi ba ni kaɗai ya shafa ba. Yaran unguwarmu kuka yi wa, kuma ina so iyayensu su ji.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Angwan Rogo. Duk wanda ya san Jos ya san tsakaninmu da harabar jami'a ta titin Bauchi babu nisa. Ɗalibaina kullum ta gefen katangar suke wucewa. Iyayen wasunsu su ne ke ɗaukar ɗaliban jami'a a Keke Napep, wasu su sayar musu da shayi da burodi, wasu su yi musu ɗinki ko gyaran waya. Amma yawancin yaran nan ba su taɓa taka cikin harabar ba, kuma a zuciyarsu jami'a ta wasu ce, su maƙwabtanta ne kawai. Wannan abu ya daɗe yana damuna. Shi ya sa na nemi izinin kawo 'yan ajin ƙarshe su ga kayan tarihin jami'ar da kuke adanawa, kuka kuwa amince ba tare da kun wahalar da ni ba.

Abin da kuka baje mana ba kayan ƙawa ba ne. Tsofaffin hotuna ne, da takardun bikin yaye ɗalibai, da littattafan bayanin jami'a na shekarun baya, da shafukan jaridu da suka yi ja saboda tsufa. Amma yadda kuka jera su, daga farko zuwa yau, shi ya sa yaro zai bi labarin da idonsa ko ba a yi masa dogon bayani ba.

Na farko da ya ba su mamaki shi ne jin cewa jami'ar nan reshe ce ta fara. A watan Nuwamba na 1971 aka buɗe ta a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ɗaliban farko suka shigo a Janairun 1972 don karatun share fage, a cikin gari, gefen titin da ake kira Murtala Mohammed a yau. Wanda ya fara riƙe ta shi ne Farfesa E. A. Ayandele, kuma na ji daɗin gaya wa yaran cewa shi ma masanin tarihi ne. A lokacin babu jihar Filato, jihar Binuwai-Filato ce, gwamnanta Joseph Gomwalk, wanda shi kansa a Ibadan ya yi digiri, ya kuma tsaya tsayin daka har aka kawo reshen nan. Karatun digiri ya soma a Oktoban 1973. Sai a Oktoban 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta mai da ita jami'a mai cin gashin kanta, Farfesa Gilbert Onuaguluchi ya zama shugabanta na farko. Da aka koma karatu a Oktoban 1976, ɗalibai 575 ne kacal a tsangayoyi huɗu. Wani yaro ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ai makarantarmu ta fi su yawa." Aka yi dariya, amma na ga maganar ta shige shi. Abin da yake yi wa kallon dutse da ƙarami ya fara.

Ina so in ambaci wata baiwar Allah a cikinku, wadda ba zan faɗi sunanta ba don ban nemi izininta ba. Ba Bahaushiya ba ce, amma da ta lura yaran sun yi tsuru-tsuru da Turancin, sai ta juya harshe zuwa Hausar nan tamu ta Jos, nan take fuskoki suka saki. Wata ɗalibata ta miƙa hannu za ta buɗe wani tsohon kundi, ta kai yatsa baki za ta jiƙa shi kamar yadda muka saba. Ba ta daka mata tsawa ba. Ta kama hannunta a hankali ta ce, "'Yata, yawu yana cin takarda. Zo in nuna miki." Ta nuna mata yadda ake ɗaga shafi daga kusurwar sama, a tallafe shi da tafin hannu, a kwantar da shi ba tare da an danne tsakiyar littafin ba. Sannan ta matsa gefe ta bar yarinyar ta buɗe shafi na gaba da kanta. Yarinyar ta ce, "Na gode, Mama." Na san wuraren da za a ce wa yaron talaka kada ya taɓa, a ja layi a tsakani. Ku kun koya mata yadda ake taɓawa. Ko a nan kuka tsaya, kun gama mini komai.

Inda na fi ƙaruwa ni kaina shi ne bayanin Naraguta. Mutane da yawa in an ce Naraguta, mazaunin dindindin na jami'a suke tunawa, ko dukawan da suka yi suna wajen aikin fata. Amma wurin ya girmi jami'a nesa ba kusa ba, ya ma girmi garin Jos kamar yadda muka san shi. Ƙasar ƙabilar Anaguta ce tun kaka da kakanni. A farkon ƙarni na 20, lokacin da Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya biyo sawun kuza zuwa tsaunukan nan, a Naraguta Turawan haƙar ma'adinai suka fara kafa sansani, kusa da kogin Dilimi inda ake wanke kuzar. Kuma ba su suka gano ta ba. Tun kafin zuwansu maƙeran garin Liruwen Dalma suna narka ta suna yin siraran sanduna da fatake ke kaiwa kasuwanni, ganin waɗannan sanduna ne ma ya jawo hankalin Turawan. Kuzar ce ta jawo leburori daga Kano, Zariya, Bauci, Barno da kudancin ƙasar nan. Ita ce ta jawo ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, sannan babban layin dogo ya iso Jos a 1927. Wani dattijo cikin ma'aikatanku ya tsaya a gaban taswira yana nuna wa yaran wannan duka da yatsa, ya tambaye su, "Yarana, a cikinku wa aka taɓa gaya wa kakansa ya yi aikin kuza?" Hannuwa suka tashi da yawa. Ya ce to ashe ba baƙi ba ne ku a wannan wuri. Na yi shekaru ina ƙoƙarin cusa musu wannan magana a aji da alli da allo, ban taɓa ganin ta zauna kamar yadda ta zauna a ranar ba.

Ba zan rufe baki kan gobarar ranar 8 ga Oktoba 2016 ba, wadda ta cinye ginin ɗakin karatu na Naraguta tare da ofisoshin wasu sassan koyarwa da ke cikinsa. Mu da ke gari mun ji labari, mun yi jaje, muka koma harkokinmu. Ku ne kuka zauna da asarar. Littafin da aka buga dubbai za a iya sayo wani. Amma kundin binciken da ɗalibi ya yi shekaru yana yi a kan ƙauyensu, ko harshensu, ko kasuwar garinsu, in kwafin ya ƙone kuma mai shi bai ajiye wani ba, shi ke nan. Da kuke ba yaran wannan labari ban ji kuna kuka da kowa ba. Abin da kuka nuna musu shi ne yadda ake ɗaukar hoton takarda a sa ta a kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, don kada wuta ɗaya ta sake yin irin wannan ɓarna. Mutumin da ya ga aikinsa na shekaru ya zama toka, ya kuma dawo ya ci gaba da jera littafi ɗaya bayan ɗaya, ya cancanci a yaba masa da babbar murya.

Akwai abin da ke ci mini rai game da garinmu. Yaron da aka haifa a Jos bayan rikicin 2001 ya fi sanin wace unguwa ake shiga, wace ce ba a shiga, fiye da sanin cewa a garinsu Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa gidan tarihi a 1952, inda ake ajiye mutum-mutumin Nok da duniya ke zuwa gani. A hotunan da kuka nuna mana, ɗalibai ne daga kowane lungu na Najeriya, da manyan wanduna masu faɗin ƙafa da tulin gashi irin na wancan zamani, sun dafa kafaɗar juna. Ba ku yi wa yaran wa'azi a kai ba, kun bar su sun kalla. A hanyar komawa na ji biyu daga cikinsu suna gardamar wane fanni za su cika a takardar JAMB, kuma dukansu Jos suke cewa.

Ina da roƙo, kuma na mai ƙauna ne. A hotunan akwai shugabanni da malamai da ɗalibai, amma na so in ƙara ganin waɗanda suka haƙa harsashi, da magina, da direbobi, da masu dafa abinci, da masu gadi. Da yawansu tsofaffi ne yanzu a Angwan Rogo da Naraguta da Farar Gada, wasu na da hotuna da katin aiki a ƙasan adaka, kuma kullum raguwa suke yi. In kuna so, ni da ɗalibaina za mu zaga mu yi hira da su, mu naɗi muryoyinsu da waya, mu kawo muku ku adana yadda kuka iya. Haka kuma in da hali, a riƙa sa ɗan bayani da Hausa a ƙarƙashin kowane hoto, saboda iyayen da za su so zuwa.

Shugabar makarantarmu da iyayen yara sun ce in isar muku da gaisuwarsu. Zangon karatu mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan sake rubuto takardar neman izini saboda 'yan ajin da ke biye. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku da abin da kuke tsarewa.

Naku da girmamawa,
Wani malamin tarihi, Angwan Rogo, Jos.